Jakadan Sarki a Cikin Buhun Gari

A shekarar da Sarki ya tuna akwai wani Don Gutierre a duniya, ni ne magatakardan gidansa. Shekara shida na yi a Salamanca ina karatun shari'a, abin da ilimin ya samo mini shi ne kujera kusa da murhu da ikon ƙirga kaji.

Takardar Sarki ta ce maigida ya haye duwatsu zuwa Montebrezo, ya sasanta da uban ƙasar can kan iyakar makiyaya, kuma ya tafi "yadda ya dace da jakada". Kuɗi kuwa, ko maravedi ɗaya ba a haɗo da ita ba. Girma ne aka ba shi, shi kuwa girma mai shi ke ciyar da shi.

Na rubuta abin da ya dace. Mulufi kamu arba'in don mutum takwas da za su take masa baya. Alkyabba mai gashi a wuya. Farantan azurfa. Doki na nunawa, domin namu, Canelo, daga nesa ana ƙirga haƙarƙarinsa. Sai mai zane da zai sabunta zakin jikin garkuwa, wanda tsufa ya mai da shi kyanwa mai mura. Jimla, maravedi dubu huɗu.

Abu ɗaya muke da shi da zai kawo wannan kuɗi: gidan niƙan bakin rafi, wanda shi ke ciyar da mu duka. Ferran mai sayar da yadi ya daɗe yana kallonsa kamar kura ta ga akuya a turke.

"Ranka ya daɗe, in aka sayar, me za mu ci in ka dawo?" na tambaya.

"Malam, kakana da mahaya ashirin ya shiga Montebrezo."

"Shi ya sa gidan niƙanmu ɗaya, ba uku ba," in ji uwargida Doña Mencia, ko ɗago kai daga saƙarta ba ta yi ba.

Amma ba ta hana ba. Ta dai ce ita za ta yi cinikin, tunda daga gidan ubanta ta zo da wurin, ba ya sayuwa sai da hatiminta.

Ranar farko ta ce jan yadin bai nuna ba.

"Haba uwargida, wannan ko limamin babban coci ya gani sai ya yi sha'awar sata."

"To kai masa mana, Ferran."

Rana ta biyu ta ce a sake awo da hannunta. Sai Juma'a, ranar azumi, ba ta ciniki. Sai bikin wani waliyyi da ni da na yi Salamanca ban taɓa jin sunansa ba. Daga nan hatimi ya ɓata. Maigida yana ta kai gwauro yana kai mari a tsakar gida, ita kuwa kullum da hantsi tana zuba wa masu alfadarai da ke saukowa daga tsallaken dutse miyar wake, tana jan su da hira. Ni na ɗauka sadaka ce.

Rana ta goma dabara ta ƙare. Hatimi ya fito, an kunna kyandir don narka kaki, Ferran har ya gyara zama. Sai ga wani mai alfadari a bakin ƙofa, ya cire hula ya ce mahaifiyar uban ƙasar Montebrezo ta cika shekaranjiya, tana da shekara casa'in da ɗaya. Makoki kwana arba'in.

Uwargida ta hure kyandir.

"Allah ya jiƙanta. Baiwar Allah, ta daɗe tana jan rai, saura kaɗan ta ja mini asara."

Kowa a ɗakin ya san sauran. Gidan manya in ana makoki, ba a shigarsa sai cikin tsumma mai kaushi marar rini. A shafe garkuwa da baƙin tukunya, a yanke wa dawaki wutsiya, azurfa kuma ba ta hawa tebur. Wanda ya je da ja, zagi ya kai.

Ferran ya naɗe mulufinsa ba sallama. Pelayo mai niƙa ya ba mu aron buhuna goma sha takwas, biyu ga kowane mutum, aka huda wuya da hannu. Zare da allura suka ci maravedi goma sha ɗaya. Wutsiyar Canelo da ma ba ta da abin yanka sosai.

Haka muka shiga Montebrezo. Sauran baƙi sun zo cikin tsumman da tela ya gyara, mu kuwa gari na zuba daga kafaɗunmu kamar toka. Maigida na hawaye na gaske, ni kaɗai na san mulufi yake wa kuka. Uban ƙasa ya rungume shi, ya dubi Canelo, muryarsa ta karye.

"Ɗan'uwa, har dokinka ya rame saboda uwata."

A ranar ya sa hannu kan maganar makiyaya. Da za mu tafi ya yi abin da mai masauki ke yi wa jakada, ya tufatar da shi: jar alkyabba mai gashi a wuya, da ingarma ɗan shekara huɗu. Ya roƙi alfarma ɗaya, a bar masa buhun da maigida ya sa, zai rataye shi a coci kusa da kabarin tsohuwa.

Da muka dawo gida, tun daga kan tudu muka jiyo dutsen niƙa yana gurnani. Aka yanka rago, aka buɗe tulun giya, maigida ya yi rawa da uwargida cikin alkyabbarsa a tsakiyar rana, gumi har gemu, ya ƙi cirewa.

Pelayo ya jira kiɗa ya lafa, ya matso yana murza hula.

"Ranka ya daɗe, alkyabba ta yi kyau. Sai dai buhuna sha bakwai na gani."

"Ɗayan yana coci, Pelayo, kusa da manyan mutane."

"To Allah ya sa ya cece mu. Amma sabo ne."

Uwargida ta share hawayen dariya da bakin mayafinta, ta ce in ba shi maravedi uku. Ya ce huɗu. Suka zauna ciniki, na san kuma wanda zai fara gajiya.