Falle Ashirin da Bakwai

Littafin na kakanmu ne, Malam Babaji na Ƙofar Kwaya. Da shi ya dawo daga hajjin da ya yi a ƙafa. Bugun Masar ne, da Larabci, ya haura shekara ɗari da arba'in, kuma ba komai a cikinsa sai tarihin yaƙin da Girkawa suka yi don su ƙwaci kansu daga Turkawa. Me ya haɗa Malam da Girkawa? Oho. Mutum ne da ko takardar tsire ya gani sai ya karanta.

Ni Mudassir, da nake koyar da Larabci a sakandare, na buɗe gafakar da littafin yake ciki, a zatona ni ne na farko bayan shekaru. Na ɗauki hoton shafin farko na tura wa Malama Zulaihat, wata ma'aikaciyar ɗakin adana tsofaffin takardu. Ko minti goma ba a yi ba ta kira ni.

"Malam Mudassir, irin wannan bugun 'yan ƙalilan ne suka rage. In cikakke ne za mu ɗauke shi hoto, mu adana shi da sunan kakanku. In da giɓi, hukumarmu ba ta karɓa."

A adana shi da sunan Malam, abin da nake so ke nan. A unguwarmu ma an fara manta da Malam.

Na zauna ina bin lambobin shafi. Ɗinkin ya daɗe da cinyewa, fallaye ne kawai a jere. Ina isa ƙarshe na ga labarin ya yanke ana tsakiyar yaƙi a teku. Da na gwada da adadin shafukan da Malama Zulaihat ta faɗa mini, falle ashirin da bakwai babu su! Ba gara ba ce, ba ɓera ba. Hannu ne ya zare su.

Makullin ɗakin Malam yana wurin Gwaggo Furera, autar Malam, mai shekara saba'in da wani abu. Na same ta tana gyaran zogale.

"Gwaggo, wa ke taɓa gafakar Malam?"

"Ni mana. Wa za ya taɓa in ba ni ba?"

Ba ta ɓoye komai ba, don ba ta ga abin ɓoyewa ba. Ita dai ta san rubutun Larabci ne, kuma na Malam ne. Duk jaririn da aka haifa a gidan, ranar suna sai ta zaro falle ɗaya daga ƙasa, ta naɗe, ta kai wa baduku a Babbar Kasuwa ya ɗinke a fata, a rataya wa yaro laya. Shekara hamsin tana haka. Waɗansu layun suna Kaduna, waɗansu Maraɗi, waɗansu sun ruɓe tun tuni.

Ni fa ina da saurin hawa, kowa ya sani. Raina ya ɓaci, idona ya rufe.

"Haba Gwaggo! Wace laya? Babu aya ko ɗaya a ciki, babu addu'a! Labarin yaƙin waɗansu Turawa ne, jiragen ruwa da bindigogi. Kin lalata littafin a banza a wofi, kin rataya wa yara abin da bai fi jarida ba!"

Ta ajiye farantin zogalen a hankali.

"Babu addu'a, ka ce?"

"Wallahi babu."

Na zaci faɗa za ta yi mini, irin na wanda ya raini mutum. Da ma faɗan ta yi.

Gwaggo ɗa guda ta taɓa haihuwa, Almu, wanda ƙyanda ta ɗauke yana shekara uku, tun ba a haife ni ba. Ba ta cika ambatonsa ba.

"Da ciwon ya yi tsanani," in ji ta, "maƙwabta suka ce in tahi da shi asibiti. Na ce a bari sai da safe, ai yana da layar Malam a wuya."

Na buɗe baki in ce wataƙila ban karanta da kyau ba, wataƙila akwai bismilla a wani fallen. Amma na riga na rantse, kuma ta ji.