Katangar Ɗanasabe a Gidan Kallon Ƙwallo

Duk damina sai ruwa ya shiga ɗakin Harira mai waina. Mu mutanen Rafin Guza kogi muke ɗora wa laifi, alhali bara kogin bai ko leƙo layinmu ba, amma a kan ruwa aka tsinto tabarmarta. Bana bangon ɗakin ya tsage tun daga tushe. Magini ya duba ya ce in ya ƙara jiƙa sau ɗaya, to, ta nemi wurin zama. Gidan da mijinta ya mutu ya bar mata ke nan. Ina za ta?

Ana cikin haka sai ga Nafisat, 'yar marigayi Malam Ubaidullah, injiniyar ruwa, da abokan aikinta. Suka yi ta yawo da ɗan jirgi mara matuƙi suna auna tudu da kwari, lungu-lungu, suka zuba a kwamfuta, suka haɗa da bayanin ruwan saman shekarun baya. Ta ce za ta yi ruwa a cikin na'ura kowa ya ga inda yake bi. Wa zai ƙi wannan kallo? Bayan la'asar aka ari gidan kallon ƙwallo, aka tada janareta, aka jona kwamfutar da babbar talabijin. Maza a gaba, mata cike da baya har ƙofa.

Kai jama'a! Ga unguwarmu kwance kamar shaho ne ke kallon ta.

"Ga rufin gidana can!" in ji wani tela.

"Mai yoyon? Zauna, ka tare mana!" in ji wani daga bayansa.

Nafisat ta danna. Shuɗi ya fara tsattsafowa daga tudu, ya haɗu, ya gangaro kamar maciji. Wuri ya kaure. Duk wanda ruwan ya kauce wa ƙofarsa sai ya miƙe yana ihu, maƙwabcinsa na cewa jira dai, bai gama zuwa ba. Can sai shuɗin ya iso wani farin layi, ya tsaya, ya taru, ya karya hagu, ya afka gidan Harira.

Aka shiga kallon-kallo. Babu wanda bai san farin layin nan ba. Katangar Alhaji Ɗanasabe ce, tsohon direban tirela, Bazazzage, wanda ya faɗaɗa gidansa ya haɗiye tsohuwar hanyar ruwa. Ga shi kuwa zaune a bencin gaba. Nafisat, da yake aminin mahaifinta ne, Baba take ce masa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Akwai dai abin da ya tare hanya a nan." Mai unguwa ya shiga gyaran hula. Mun san Alhaji: in aka kunyata shi a bainar jama'a, gobe sai ya ƙara wa katangar layin bulo.

Sai Sanda mai shayi ya miƙe. Bakano ne, kuma tsakanin Bakano da Bazazzage akwai wasa tun kaka da kakanni. Duk abin da ɗaya ya yaɓa wa ɗaya, ba a fushi.

"Nafisat, kashe abin nan mu tafi," in ji Sanda. "Katangar Bazazzage ce. Mutumin da ko kaza bai bari ta ratsa gidansa, shi zai bar ruwa ya wuce kyauta?"

Dariya ta ɓarke. Alhaji ya juyo. "Kai, ɗan ƙwalisa! Bakanon da ke tsoma ganyen shayi ɗaya wa mutum goma ne zai koya mini kyauta?"

"To huda mana mu gani, maigida. Ai a talabijin ne, ba za ka yi asarar bulo ba. Ko nan ɗin ma hannunka rawa zai yi?"

Alhaji ya tattare babbar riga ya nufi talabijin. "'Yata, ana iya huda ta a ciki?"

"Ana iyawa, Baba. Nuna mini wurin."

Ya dangwala yatsa. "Nan. Nan kwatar take tun kafin wannan Bakanon ya sauka daga motar itace."

Ta buɗe gurbin, ta sake sako ruwan. Kowa ya miƙe. Shuɗi ya gangaro, ya iso katanga, ya ɗan yi jim, sai ya zurara ta gurbin ya miƙe sambal zuwa kogi. Gidan Harira fari fat!

"Ya ci! Alhaji ya ci!" Benci ya kife, mata suka rangaɗa guɗa. Alhaji ya ce a ƙara ruwan, aka ƙara. Ya ce a ƙara wanda ya fi na bara, aka ƙara, ruwa na bin hanyarsa. Yana tsaye yana washe baki kamar shi ya ƙera na'urar.

"A talabijin kowa jarumi ne," in ji Sanda.

Washegari da hantsi muka ji dukan guduma. Alhaji da kansa ke fasa gindin katangar, ya naɗe hannun riga, Nafisat na nuna wa magini faɗin kwalbatin da za a sa.

Ran da aka kece da ruwan farko mai ƙarfi, rabin layin ne suka fito da lema suna kallon kwata na ambaliya ta ƙarƙashin katanga. Harira ta leƙo, ta taka tsakar ɗakinta, ta ɗaga tafin ƙafa ta nuna mana. A bushe.

Da ruwa ya ɗauke, Harira ta aika wa Alhaji kwanon waina. A ƙofar gida Sanda ya tare shi ya kwashe rabi.