Inda Littafin Baba Yake Buɗewa

A gidan surukaina ba a doguwar gardama. Magana in ta ƙi ƙarewa, sai Baba ya ce a miƙo masa Littafi Mai Tsarki. Zai rufe ido ya yi addu'a, ya tsayar da littafin a kan cinyarsa, ya sake shi ya buɗe da kansa, sannan ya ɗora yatsa. Duk ayar da yatsan ya sauka a kai ita ce amsar Ubangiji, ba mai ƙara ko tari. Dattijo ne a ikkilisiyarmu, har daga wasu gidaje ana zuwa ya buɗe wa mutane. Ni ma na yarda da wannan buɗewa, shi ya sa ranar da ya aiko kirana na tsorata.

Lokacin na kwana biyu da barin gidan ɗansa. Wata Asabar da rana ne mijina ya dawo a buge, ya tarar ban sauke tukunya ba, ya ɗauki kofin gilashi ya jefe ni. Na kauce, ashe 'yata tana bayana. Tsuntsuwa muke ce mata, don ba ta cin abinci sai tsince-tsince, ga surutu. Ko makaranta ba ta isa shiga ba. Ni da nake ɗinka wa mutane tufafi, sai ga ni a asibiti ina riƙe da hannayenta, nas tana ɗinke mata saman gira.

Daga asibitin ban koma gida ba. Na wuce shagon ɗinkin da nake aiki. Uwar ɗakina ta dubi fuskar yarinyar, ta buɗe mana ɗakin ajiya da ke bayan shago. Akwai tulin yadi, da wani tsohon keken ɗinki da ya daina aiki, da katifa ɗaya.

"Ƙofar tana da sakata," in ji ta. "Ta yi tsatsa, amma ta fi mijinki amana."

A ɗakin nan, kowace safiya kafin in share shago, nakan zauna a kan tulin yadi in buɗe ɗan ƙaramin Littafina. Da farko baki kawai nake motsawa. Daga baya na iske kaina ina komawa wuri ɗaya a Zabura, inda wani da ake farauta yake roƙon Allah ya ɓoye shi. Mutumin bai ɓoye tsoronsa ba, bai kuma ce komai lafiya ba. In na gama sai in ce, "Ubangiji, ga ni ga yarinya, ban san hanya ba." Daga nan nake samun ƙarfin tashi in zura zare a allura.

Ranar Lahadi bayan sujada muka taru a falon Baba. Mijina yana gefe da rigar da na ɗinka masa, ya sunkuyar da kai kamar mai jinya. Ya miƙo wa Tsuntsuwa alewa. Ta shige bayan zanena ta ƙanƙame ƙafata.

"'Yata," in ji Baba, "abin da ya faru ba mu ji daɗinsa ba. Aikin Shaiɗan ne."

"Baba, ku yi haƙuri, amma hannun da ya ɗauki kofin na san shi."

"Ya tuba. Ko ba ka tuba ba?"

"Na tuba, Baba," in ji mijina, idonsa a kan tabarma.

"To kin ji. Ni ba zan ce ki koma ba, ba zan ce kada ki koma ba. Mu ji daga bakin Mai gidan gaba ɗaya."

Mama, uwar mijina, ta ɗauko littafin daga kan kabad ta goge shi da gefen mayafinta. Baba ya rufe ido. Ni ma na rufe nawa, ina cewa a raina, Ubangiji, in ka ce in mayar da yarinyar nan gidan can, yaya zan yi da kai? Na ji takarda ta yi motsi.

"Karanta da bakinki," in ji Baba, ya miƙo mini.

Wurin da ake umartar mata su yi biyayya ga mazansu ne. Na karanta. Amma ina karantawa ina kallon takardar. Daidai ayar ta yi baƙi da maiƙon yatsa, har ta yi laushi kamar tsohon ƙyalle. Ɗan ƙasa kaɗan, inda ake gaya wa maza yadda za su ƙaunaci matansu, takardar fari tas, kamar jiya aka buga ta.

Na ce a ba ni izini in sha ruwa, na fita da Tsuntsuwa. Mama ta biyo ni kicin. Ta juyo mini da kunnenta na dama, don na hagu ya daɗe ba ya ji, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini dalili.

"Nan ya buɗe ko?" ta ce ƙasa-ƙasa, tana wanke kofin da ba shi da datti. "Ni ma nan yake buɗe mini tun ina da cikin mijinki. Da farko da hannu Baba yake nemo wurin, ya danne shi ya karanta mini. Yau da gobe ɗaurin littafin ya karye a nan. Yanzu ko iska ce ta taɓa shi, nan zai buɗe."

"Baba ya sani?"

"Ina zai sani? Shi gani yake Allah ne bai taɓa canja magana ba."

"Mama, ke kuma kika yi shiru duk shekarun nan?"

"In gaya wa wa, 'yar nan?" Ta leƙa fuskar Tsuntsuwa, ta shafa gefen ɗinkin da yatsa. "Tabon zai zauna. Ki tafi da jikata. Kuma ban ce miki komai ba."

Da na koma falo sai na durƙusa na ce, "Baba, ina roƙon a sake buɗewa."

Ya ɗaure fuska, amma ya yi. Littafin ya faɗi a wuri ɗaya.

"Kin gani?" Fuskarsa ta washe. "Har sau biyu! Me kuma kike nema?"

Na ciro ɗan Littafina daga jaka, na tsayar da shi a kan tabarma na sake shi. Ya buɗe a Zabura, inda takardar ta kumbura saboda hawaye. Na rufe, na sake sakewa. Nan ya koma.

"Baba, nawa ma kullum nan yake buɗewa. Ba wani abin mamaki ba ne, nan na fi dannewa. Naku ma inda aka fi dannewa yake buɗewa. Ni ba zan yi wa Ubangiji ƙarya in ce shi ya tura takardar ba. Na dai karanta, na yi addu'a, kuma ban ga inda ya ce in kai 'yata inda ake jifa da gilashi ba. In babanta ya daina sha, ya zo shago da rana ya gan ta, a gaban mutane. Amma ba za ta kwana a gidan ba."

"Ke!" Mijina ya miƙe tsaye, tubar ta zube daga fuskarsa. "Ubana kike koya wa Littafi?"

Tsuntsuwa ta saki ƙara ta shige ƙarƙashin tebur, ta toshe kunnuwa. Kowa ya gan ta. Baba ya daɗe yana kallon ƙafafunta da suka leƙo. Sai ya rufe littafinsa.

"In kin fita ƙofar nan, maganarki za ta je gaban dattawa."

Na jawo 'yata na goya ta, na gaishe su, na fita.

Maganar ta je. An sa ni a horo, an hana ni cin Jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya a coci, an cire ni daga mawaƙan zumuntar mata. Yanzu a bencin baya nake zama, kusa da tsintsiya da bokiti. Mijina yana nan a layin gaba yana kaɗa ganga. Matan da na ɗinka wa kayan sujada suna gaishe ni da gefen baki. Mama takan wuce ta gabana ba ta waiwaya, sai dai wani lokaci in ga ƙullin biskit a kan bencina.

Har yanzu a ɗakin ajiya muke. Sauro ya yi yawa, rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, na sa roba. Amma yarinyar ta daina firgita in ta ji ƙarar mabuɗi, surutunta ya dawo har uwar ɗakina tana cewa za ta ɗinke mata baki.

Jiya da safe ta ɗauki Littafina ta tsayar a kan katifa, ta runtse ido irin na kakanta, ta sake shi.

"Mama, me Allah ya ce?"

Na karɓe shi a hankali na zaunar da ita a cinyata.

"Ba haka ake yi ba. Daga inda muka tsaya jiya za mu ci gaba, kuma har ƙasan shafin za mu karanta."

Na duba sakata, tana nan a rufe. Sannan na fara.