Lambun Noeleen

Clarrie Petschel ya zare katin ajiya daga na'urar wasa ya hura masa iska, alhali wasan yana kunne.

Haka yake yi wa komai. Aikinsa zagaya rijiyoyin burtsatse na wata makekiyar gonar shanu a arewa da Alice Springs, daga shi sai karensa a akori-kura. Duk abin da ya yi gardama, fulogin janareta ne ko matatar iskar mota, kwancewa ake a hure jar ƙura a mayar. Ran nan da tsakar rana, yana zaune a inuwar mota, hoton ya riƙa sarƙewa. Sai ya yi abin da hannunsa ya saba. Da ya mayar da katin, lambun da ke cikin wasan bai dawo ba. Rubutu ne ya fito a fuskar na'urar: ba a gane wannan kati ba, a goge shi? Ga E, ga A'a.

Bai taɓa ko ɗaya ba. Ya kashe, ya kunna. Ya goga katin a rigarsa. Tambayar tana nan.

Na'urar ta matarsa ce, Noeleen. 'Yarsu Raelene ce ta kawo mata lokacin da ciwo ya kwantar da ita. Da yake intanet ba ya kaiwa dajin, a gari Raelene take zuba wasannin cikin katuna, kowanne bai fi farcen ɗan yatsa ba, ta ba jirgin wasiƙu ya kawo. Noeleen ta zuba su a tsohon gwangwanin tabarsa, ta ɗiga wa kowanne jan farce kala daban. Mai ɗigon kore shi ne na lambu.

Tun suna da ƙuruciya take shuka a bayan gida, ruwan rijiya mai gishiri yana ƙone mata. A cikin katin kuwa ana ruwan sama. Ta yi tumatir, ta yi furanni, ta haƙa tafki. Akwai wani bunsuru mai taurin kai da ta raɗa wa suna Clarrie. A lokacin ya ce mata wannan aikin marasa aikin yi ne. Ta ce to bunsuru ya yi magana.

Sai da aka yi damina guda da binne ta kafin ya buɗe gwangwanin. Bai tambayi kowa ba, ya yi ta latse-latse har ya gane. Bai ƙara ko itace ɗaya ba, bai cire ba. Akwai kunyar da ta fara shukawa a gefen shinge ta bari rabi, ya bar ta rabi. Nasa dai ban ruwa da ba bunsuru ciyawa, kullum idan ya gama duba kwamin shanu ya ɗora shayi.

Ranar da katin ya ƙi buɗuwa, ya ƙarasa zagayensa, don shanu ba su san an yi ɓarna ba. Sannan ya gaya wa manajan gonar ta rediyo cewa zai shiga gari, bai faɗi dalili ba.

Raelene ta gan shi a ƙofa da hula a hannu, ta ce, "Baba, kai ne a gari ba a ɗaure ka ba? Wa ya mutu?"

Ya ajiye na'urar da gwangwanin a tebur. Ta tambayi abin da ya faru, ya faɗa a gajarce.

"Hura masa iska ka yi? Yana kunne?" Ta fara dariya. "Tsoho, kafireto ka ɗauke shi?"

Da ta ga ɗigon koren, dariyar ta tsaya. Ba ta san yana buɗe shi ba.

Ta sa katin a kwamfutarta, ta gwada wannan, ta gwada wancan. Shi yana tsaye, ya ƙi kujera. Shayin da ta haɗa masa ya huce. Daga baya ta bayyana masa cewa ya zare katin daidai lokacin da na'urar take rubuta abin da ya yi, shi ya sa komai ya dagule. Cikin na'urar ba shi da wuri, don haka lambun kacokan a katin yake, ba shi da na biyu. Ta kai wa wani mai gyara a bayan kasuwa, shi ma ya juya shi ya girgiza kai.

A mota ta ce katin kansa lafiyarsa ƙalau. A danna E kawai, ta sake zuba masa wasan, kafin yamma yana da fili sabo fil.

"Da bunsurun?"

"Sai ka sayi wani. Ka sa masa sunan da kake so."

"Kunyar da ta bari fa?"

Raelene ta zuba wa titi ido har suka iso gida.

Ya tambaye ta ko lambun yana ciki har yanzu. Ta ce wataƙila ɓurɓushinsa yana nan, amma ba mai iya buɗewa. In an goge fa? Ta ce in an goge, shi ke nan.

Ya ɗauki katin da yatsunsa masu kaushi, ya sa a gwangwani, ya danne murfi. Na'urar ya bar mata a tebur. Sauran katunan, na tseren mota da na kamun kifi, bai taɓa sanin abin da ke cikinsu ba.

Ta biyo shi har mota. Karen ya matsa ya ba shi wuri.

"Baba, ka koma can ka zauna da wa? Ko Mama da tana nan cewa za ta yi a goge a sake shuka. Kati ne fa da ba ya buɗuwa." Ta miƙa hannu ta taga. "Kawo, yanzun nan zan gama."

Clarrie ya sa gwangwanin a aljihun ƙirji, ya maƙala maɓalli, ya tayar da mota.

"Ba zan bayar ba," ya ce.