Tabon da Ke Leɓen Efken

Caflok ya shekara talatin yana ginin butoci masu siffar mutane a gindin babban ɗakin tsafi, kuma abu ɗaya yake taƙama da shi: bai taɓa yi wa riga ƙarya ba. In saƙar mutum tana da matakala bakwai, bakwai zai zana. Matarsa Ciyun takan ce da yana kallon fuskarta yadda yake kallon zanenta, da an zauna lafiya.

Bara, da ɗansu Efken ya isa shiga fagen mayaƙa, Ciyun ta saƙa masa riga mai igiyar ruwa ja da tsuntsun teku a ƙirji. Caflok ya zaunar da shi kwana uku ya gina shi a buta, da rigar, da kwalkwalin, har da tabon da ƙugiyar kamun kifi ta bar masa a leɓe, wanda ya zana da tsinke. Butar ta yi kyan da ya ga bai kamata ta ƙare a gidan talaka ba. Da ƙafarsa ya kai wa Yontop, babban matsafi, ya dawo da yabo da tulun giyar masara, ya yi wata guda yana ba maƙwabta labari.

Bana a fage kwalkwalin Efken ya faɗi. Wanda nasa ya faɗi kuwa an san makomarsa: a tuɓe shi, a sa masa igiya a wuya, jininsa ya cika ƙoƙon matsafi. An tuɓe su su tara. A hanya Efken ya kwance igiya ya faɗa gonar masara, ya iso gida tsirara. Suka ɓoye shi a ramin gasa tukwane, suka rufe da karmami.

Mayaƙan ba su san sunansa ba, riga kawai ke hannunsu. Aka zaga da ita gida gida, kowa ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Ciyun ma ta juya ta, ta ce saƙar ba ta da kyau.

Rana ta huɗu Yontop ya zo da kansa, rigar a kafaɗa, butar a hannu. Ya zauna, ya shimfiɗa rigar, ya ajiye butar a kai, ya sa Caflok ya ƙirga igiyoyin ruwan. Goma sha ɗaya a riga, goma sha ɗaya a buta.

"Malam magini, da kai ma ka iya ƙarya kamar maƙwabtanka," in ji shi, "da na sha wahala."

Caflok ya ce, ranka ya daɗe, ai riguna kan yi kama. Yontop ya yarda da haka. Ya ce leɓe ne bai cika yin kama ba, sannan ya tambaye shi me ya sa ramin gasa tukwane yake a rufe kwana huɗu babu hayaƙi.

Bayan bikin da aka cika ƙoƙon matsafi da jinin Efken, aka aiko wa Caflok da saƙo: ana son buta ta biyu, ta wanda aka kama, tsirara da igiya, don a jera ta kusa da ta farko. Mazubin da ya fitar da fuskar butar farko yana nan, bai fasa shi ba, don mazubi ne mai kyau.

Ciyun ta tsaya a kansa yana aiki. Ta ce ko sau ɗaya ya yi kuskure, ya canza hanci, ya bar leɓen haka, kada kowa ya gane ɗanta a wannan kama. Caflok ya ce to.

Ya daɗe yana kallon leɓen babu tabo. Sannan ya ɗauki tsinke.