Rigar da Tela Ya Gyara

Abin da Tela ya fi tsoro a duniya, wanda bai taɓa furta wa kowa ba, shi ne ƙofar ɗakin tiyata. Ta irin wannan ƙofa aka tura matarsa shekara tara da suka wuce, tana ce masa kada ya manta da wankin da ta shanya, ba ta kuma dawo ba. Saboda haka ranar da likitan ƙashi ya ɗaga hoton bayan Auta a gaban fitila ya ce, "Ba sai an yi aiki ba tukuna," Tela ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka.

Likita ya nuna masa yadda ƙashin bayan 'yar tasa ya lanƙwasa a tsakanin kafaɗu, ya ce digiri hamsin da biyar ne. Shekarunta goma sha uku, ƙashinta bai gama girma ba, don haka da sauran dama. Za a yi mata rigar roba mai tauri wadda za ta riƙa sawa kusan dare da rana, kuma za a koya mata motsa jiki.

"Yaushe kuka fara lura?" in ji Likita.

"Kwanan nan," in ji Tela.

Ba gaskiya ya faɗa ba. Shekara biyu ke nan, duk rigar da ya ɗinka mata sai bayanta ya ɗage. Ya ƙara inci ɗaya a baya, daga bisani inci biyu, har kalmasar ta daidaita. Ya iya aikin sosai, har yayarsa, Gwaggon Auta da ke zaune tare da su, ba ta gane komai ba, sai dai ta riƙa cewa, "Ke, miƙe mana, kin ranƙwafa kamar wadda ta yar da allura."

Mako uku da sa rigar, Auta ta daina cin abincin kirki. Robar ta ƙuje mata hamata, 'yan ajinsu kuma suka laƙaba mata Kunkuru. Wata rana da yamma ta shigo shagon, ta zauna kan tarin yadi, ta ce, "Baba, numfashi ma da kyar nake yi."

Ya sa ta cire, ya ɗora rigar kan teburin yanka yana juya ta. A cikinta akwai wani matashi mai tauri, an manna shi daidai inda bayan ya fi fitowa.

"Wanda ya yi wannan bai san awo ba," in ji shi. Ko sabon shiga ya san inda jiki ya yi tudu, nan ake ba shi wuri.

Gwaggo ta leƙo. "Likita fa cewa ya yi in ta dame ta a kai masa."

"Yaya, shekara talatin ina sa wa mutane tufafi. Yanzu sai na bi layin asibiti don a rage mini maɗauri?"

"To, sarkin almakashi. Ni dai na faɗa."

Ya ɓamɓare matashin, ya maye gurbinsa da soso mai laushi. Ya matsar da maɗauran inci biyu, ya yi wa cikin shafi da auduga. Da Auta ta sa, ta ja numfashi mai tsawo, ta yi murmushin da ya daɗe bai gani ba. "Baba, kamar ba ta jikina."

Ba ta ƙara kuka ba. Ranar komawa asibiti ta farko ta zo daidai da wani ɗinki na gaggawa, sai Tela ya ɗage ta, tun da dai yarinya tana jin daɗi. Sai bayan wata shida suka koma.

Likita ya daɗe yana duban sabon hoton. Sa'an nan ya juya rigar, ya bi ɗinkin da yatsa. "Wa ya yi wannan? Hannunsa da kyau."

"Ni ne."

"Malam, matashin da ka cire shi ne maganin. Ita wannan riga, jiki ake so ya bi ta. Wata shida ke nan tana ɗauke da ita a banza." Ya ajiye hoton. "Yanzu sittin da uku ne. Girmanta ya kusa tsayawa. Za mu yi sabuwa, mu gwada wata huɗu. In ya haura saba'in, dole mu yi maganar tiyata."

Suka kama hanyar gida. Auta tana gaba, shi yana biye, yana kallon kalmasar rigarta a miƙe sumul, ba ta da aibu ko kaɗan.

Bayan kwana goma aka karɓo sabuwar. An ja layi da baƙin biro a kan kowane maɗauri, inda ya kamata a ɗaure. Da safe, kafin makaranta, Auta ta tsaya a tsakar ɗaki ta ɗaga hannuwa. Gwaggo ta ja maɗaurin farko, yarinyar ta yi ƙara, sai ta saki.

"Wallahi ba zan iya ba," in ji Gwaggo.

Auta ta juyo, idanunta cike da hawaye. "Baba, kaɗan kawai. Ba wanda zai sani."

Tela ya dubi almakashin da ke aljihun rigarsa, ya zaro shi, ya miƙa wa yayarsa. Ya durƙusa a bayan Auta, ya kama maɗaurin, ya ja har kan layin. Ya ji haƙarƙarinta yana rawa a ƙarƙashin tafinsa. Ya kama na biyu.

"Auta," ya ce, "daga yau ni zan riƙa ɗaure miki kullum, har kan layin nan. Ki yi kuka, ki yi fushi da ni in kin so. Ba zan sassauta ba."