Jan Yawu

Kwana takwas ke nan da aka yi wa Dunoma aikin maƙogwaro a Gashuwa, aka cire ƙululun nan biyu da ke kumbura suna hana shi haɗiya. Matarsa Kellu ce ta riƙe sharuɗɗan likita a ka: kunu sai ya huce, ban da yaji, ban da goro har mako biyu. In aka ga jini, ko ɗigo ne, a dawo nan take, don a irin waɗannan kwanaki ɓawon ciwon ke ɗayewa.

Da hantsi ta fito shara, ta ga jan yawu a gefen tabarmarsa.

"Baban Hafiza, goro ka ci."

Ya amsa, murya a dishe. "Ɗan ɓari ne."

"Wakili ya ba ka ko? Wannan abokin naka da bakinsa kamar tukunyar rini."

"Ki ƙyale Wakili."

Ta sunkuya za ta rufe wurin da ƙasa, sai ta tsaya. Shekara ashirin da biyu tana share yawun goron mutumin nan. Ta san shi: ja-ja ne mai sirkin ruwan ɗorawa, kuma ba ya rasa tuƙa. Wannan ja ne wur, ba tuƙa, gefensa har ya fara daskarewa.

Ta ɗago ta dube shi. Maƙoshinsa na hawa yana sauka. Haɗiya yake ta yi, alhali ba ya cin komai.

"Buɗe bakinka."

"Kellu, jibi za a fara yankan shinkafa. In suka sake kwantar da ni..."

"Buɗe."

Ya buɗe. Can ciki, ta dama, siririn jini na gangarowa.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan asuba. Zai tsaya."

"Wato ka gwammace in yi maka faɗan goro."

Ta ɗauko kwanon sha ta ɗora masa a cinya. "Zauna sosai, ka sunkuyar da kai. Kada ka ƙara haɗiye shi. Tofa nan, su gani da idonsu."

Wakilin dai ta kira, don shi ke da mota. Daga garinsu Dagona zuwa Gashuwa, Wakili ya tambaya sau biyu ko ya rage gudu saboda ramuka. Duka biyun ta ce a'a.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙa kwanon, ba ta tambayi kati ba, ta shige da Dunoma ciki.

Sai wajen la'asar likita ya fito. Ya ce 'yar jijiya ce ta buɗe, an toshe ta, amma zai kwana biyu a gado, kuma sai sun duba ko yana bukatar ƙarin jini.

Kellu ta yi godiya. Sannan ta tambayi inda ake alwala, don azahar ta wuce ta.